Ni da Gwangwanin Korar Beyar

Ko na so, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da jami'armu a Manchester ta gwada ko na isa shiga daji. Binciken digirina na uku a kan ruwan ƙoramu ne, kuma dole in ɗebo samfuri a wani dajin Kanada inda beyar, ƙatuwar dabbar nan mai farmaki, ke yawo kamar awakin unguwa. In ban je a bazarar ba, shekara ta tafi a banza, ga bizata tana shirin ƙarewa. Aka ce kowa ya zaɓi abin kare kai, ko ya koyi harbi, ko ya riƙe gwangwanin feshin barkono.

Tsautsayi ya sa na faɗa wa Kawu Sale, yayan mahaifiyata da ke unguwar Sparkhill, ranar da na je cin abinci gidansa.

"Kai yanzu, jikan maharbi guda, za ka tari dabba da turare?" in ji shi. "Common sense fa! Karɓi bindiga."

Na ce, "Kawu, bindiga sai an saita, ga hannu na rawa. Spray kuwa ko yaro zai iya."

Muka yi ta ja har shinkafar ta huce (mu biyun babu wanda ya taɓa ganin beyar sai a talabijin). Na koma gidana a unguwar Hulme a gajiye, amma ina jin kaina masani.

Ranar horo na iso ido jawur, don jaririyarmu ta hana mu runtsawa. Ana kashe fitila aka kunna bidiyon bayani, barci ya yi awon gaba da ni. Da na farka an kafa tanti a tsakiyar zauren, ga mai horar da mu, wata dattijuwar Baturiya, tana miƙo mini gwangwanin gwaji mai jan ruwa zalla a ciki. Ta ce in nuna yadda zan kare kaina a sansani.

Ni da na tashi a Fagge ina yaƙi da sauro, wa zai koya mini feshi? Na girgiza gwangwanin, na feshe hannun rigata da idon sawu, na shafa a wuya da bayan kunne. Na shiga tantin na bi shi kusurwa-kusurwa, na fito na ja zif. Har da yi wa 'yan ajin bayani cewa a ɗan jira ya lafa kafin a kwanta.

Sai matar ta cire tabarau ta ce fuskar beyar ake fesawa in ta taso. Da na gaske ne, da yanzu ina birgima ido a rufe, kuma barkonon da ya kwanta a jikin kaya jawo dabbar yake yi. Wato na barbaɗe kaina da yaji kamar tsire ke nan. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ƙyar da roƙo aka bar ni na je, amma ba bindiga, ba gwangwani. Ƙararrawa aka ɗaura mini a jaka don beyar ta ji tafiyata ta kauce, aka ce in riƙa tafiya tsakanin abokan aiki biyu. Haka magidanci guda ya ɗebo ruwansa yana ƙilin-ƙilin a dajin mutane.

Tun daga nan, kafin in yi musun wane makami ya fi, sai na fara tambayar wa ake nuna wa bakinsa.