Karfasar da Ta Hana Ni Aiki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wata makaranta mai zaman kanta a Narayi ta kira ni gwajin koyarwa ba. Shekara biyu ke nan ina yawo da digirin ilimin halittu a jaka, saboda haka na ƙudura sai na gigita su. Maimakon in koyar da ganye da saiwa kamar kowa, sai na zaɓi yadda ƙwayoyin jijiya na idon kifi ke isar wa juna saƙo. (Babu wanda ya aike ni. Son burgewa ne kawai.)

Na sayo ƙatuwar karfasa ɗanya a Sabon Tasha, don in feɗe idon a gaban ɗalibai. Na sa ta a kula, na ajiye a kicin, na shige ɗaki ina haddace bayani. Ban ce wa matata Habiba komai ba, don a ganina ina ruwanta da kimiyya.

Da zan fita ta miƙo mini kular tana murmushi. "Baban Ummi, ga kifinka. Allah ya ba da sa'a."

Na shiga aji, mai makarantar, wata Madam mai gilashi, ta zauna a baya da malamai biyu. Na fara zuba. Na ce a can bayan ido akwai wani tantani siriri. Ƙwayoyin da ke kama haske sukan saki sinadari su sanar da na tsakiya, na tsakiya su sanar da masu kai labari ƙwaƙwalwa. Akwai kuma na gefe, masu 'yan ƙofofi a tsakaninsu, da ɗaya ta samu labari maƙwabtanta sun ji. Har na ɗaga yatsa na ce, "Idan ƙwaya ɗaya ta riƙe saƙo, kifi ya shiga uku."

Sannan na buɗe kular.

Ƙamshi ne ya fara fitowa. Ga karfasata a soye, an yi mata ado da albasa da tumatir, ga yaji a ƙulle a gefe. Idon da na yi mako ina karatu a kansa ya koma fari fat kamar dutsen ado. Ajin ya kece da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Madam ta tako, ta leƙa, ta ce, "Malam, ai wannan idon ya gama magana." Ta gutsuri gefe, ta tauna a hankali. "Wa ya soya?"

"Iyalina ce, ranki ya daɗe."

"Ba ni lambarta."

Ni dai har yau ba su kira ni ba. Habiba kuwa ita ke dafa wa malamansu abincin rana, ni ke raka ta da kuloli zuwa bakin titi neman keke. Ƙwayar da ba ta da baki ma tana sanar da maƙwabciyarta abin da ake ciki. Yanzu ko allura na ajiye a gidan nan, sai na gaya wa Habiba ta mece ce.