Sarkin Noman Ƙarangiya

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, na rantse sai na mayar da filin da ke bayan gidana ɗan ƙaramin daji irin wanda nake gani a waya, ciyayi da furanni suna fitowa yadda suka ga dama. Na sa aka ɗebo min ƙasa amalanke guda daga makiyayar Kurawa.

Maƙwabcina Ardo ya leƙo ya ce, "Malam, wagga ƙasa ta burtali ce hwa."

Na ce, "Na sani. Za ni nuna muku aikin ilimi."

Ruwa ya sauka, wuri ya yi kore shar. Na hana kowa taɓa fartanya, awakin matata ma na ɗaure su.

Da kaka ta yi, na gayyato surukina ya ga lambu. Ya shiga da babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗan taka, sai ya tsaya cik. Ashe ƙarangiya na kwashe damina ina gadi! Har la'asar ina durƙushe ina tsince ta daga rigar, dattijon ko kallona bai yi ba.

Yanzu ko kasuwar Isa na shiga, sai an ɗaga murya: "Sarkin Noma, bana buhu nawa aka samu?"