Ranar da Na Raba Gadona

Lokacin gubar dalma ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Anka, muna auna jinin yaran ƙauyen Sunke mu ga ko hantarsu na iya sarrafa maganin da ake ba su. Wata rana na ɗebi jinina, wai in nuna wa abokan aiki yadda lafiyayyar hanta take. Sakamako ya fito irin na wanda za a yanka wa likkafani.

Ban nemi kowa ya sake dubawa ba, ai ni gwani ne. Na hau babur sai gida Bukkuyum, na bi dangi ina neman gafara, na ba ƙanena Sanusi babur ɗin kyauta. Inna dai kallona take yi. "Wanga mai mutuwa ya hi masu rai cin tuwo," in ji ta.

Da na kira abokiyar aikina Hadiza mu yi bankwana, dariya ta kusa shiƙe ta. "Jininka na cikin firji ba a taɓa ba! Ruwan gwada na'ura ka auna, wanda ake haɗawa takanas don ya nuna cuta."

Nan tsakar gida na faɗi na yi sujada.

Har yau in na tambayi babur, sai Sanusi ya ce, "Haba Marigayi, ai an riga an raba gado."