Awa Huɗu da Ba Su Taɓa Farawa Ba

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da zaman da aka yi a ofishin Hajiya mai makaranta ba.

Malamin adabi ne ni a wata sakandare a Kwararafa, amma da yake na fi kowa yawan Turanci sai aka damƙa mini ɗakin kwamfuta (a wurinmu wanda ya iya karanta takardar magani likita ne). Ni na tsara yarjejeniyarmu da Oga Chinedu, mai kula mana da intanet, wanda shagonsa ke kasuwar Terminus. Shafi shida. Ƙashin bayanta shi ne: idan layi ya ɗauke, zai gyara cikin awa huɗu.

Ranar wata Talata layi ya ɗauke, ga rajistar jarrabawar shiga jami'a za a rufe Juma'a, saura ɗalibai bakwai ba mu shigar ba. Na ga tura wa babban mutum saƙo kamar raini ne, sai na taka da ƙafata. Na tarar da shi zaune jugum, ashe dawowarsa ke nan daga binne mahaifiyarsa. To wa zai buɗe baki da maganar waya? Na yi ta'aziyya mai tsawo. Sai da na miƙe na ce, "Layinmu ma yana ɗan tari, amma ba gaggawa."

Na koma na zuba wa agogo ido. Awa huɗu suka wuce. Laraba kunya ta hana ni kira, Alhamis fushi ya hana ni. Juma'a na kwashi yaran zuwa shagunan intanet na gari, muka tarar da layin mutane har titi. Aka rufe rajistar muna tsaye.

Litinin Hajiya ta tara iyaye, aka kira Chinedu. Na miƙe da takardar yarjejeniyar a hannu, na gyara murya kamar lauya, na karanta sakin layi na huɗu, mai maganar awa huɗu, har sau biyu. Na ma kawo misali da alƙawari a tarihin magabata (Allah Ya yafe mini).

Chinedu ya ce, "Malam, karanta na biyar mana."

Na karanta. Awa huɗun ba sa fara ƙirguwa sai an aika ƙorafi a rubuce. Maganar baki ba ƙorafi ba ce.

"Wa ya sa wannan?" in ji Hajiya.

Chinedu ya nuna ni, ya ce, "Shi ne ya sa, Hajiya. Ni na ce a kira ni kawai, ya ce a'a, ƙasashen da suka ci gaba ba sa aiki da baki. Kuma da ya zo, ya ce ba gaggawa. Ni na ɗauka gaisuwa ya zo."

Mahaifin wata ɗaliba, mahauci ne, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, shekara guda fa za ta zauna a gida." Na gwammace a ce ya mare ni.

An karɓe makullin ɗakin kwamfutar daga hannuna, na koma koyar da waƙa. Yaran har yau suna gaishe ni a hanya, abin da ya fi komai ciwo ke nan.

Darasin dai: idan abu na ci maka rai, ka faɗe shi da girmansa. Ladabina ya cinye wa mutum bakwai shekara, kuma babu wanda ya taɓa yaba mini shi.