Yadda Ake Shirin Tseren Kaura Zuwa Sakajiki Ba Tare da Gumi Ba

Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka fita daga tseren dogon zango da mutuncinka, ko da rabonka da gudu tun kare ya bi ka kana yaro. Na koye su daga Maitama, ma'aikacin ƙaramar hukuma a Kaura, wanda ya daɗe yana cewa a makaranta Jirgi ake kiransa saboda gudu. Ba wanda ya taɓa gani. Da aka shirya tsere zuwa Sakajiki don bikin tunawa da samun jiharmu, abokan hirarsa suka kai sunansa. Ko ya yi gudu, ko sunan Jirgi ya faɗi.

1. Fara da wando

Tunda shari'a ta zo, gajeren wando ya yi ritaya. Wannan gata ne. Sa tela ya ɗinka maka har idon sawu. A cikinsa ba mai ganin gwiwa tana rawa.

2. Yi atisaye a inuwa

Masana sun ce zafi yana cin ƙarfin mai gudu, don haka kada ka ba shi naka. Maitama ya yi nasa atisayen kwance a gindin dalbejiya, da kwanon fura a gefe. Matarsa Kulsumu ta ce, "Malam, yaushe za a fara?"

Ya ce, "Ke, tara numfashi nika yi."

3. Shuka uzuri da wuri

Kullum ka dubi sama, ka girgiza kai. "Wanga zafi ko raƙumi ba ya gudu cikinai," in ji Maitama a teburin shayi.

Mainasara mai shayi ya ce, "Haba Jirgi, ba kai kac ce ko rana ba ta cim maka ba?"

Canza mai shayi.

4. Shiga roƙon ruwa

Ruwa ya ɗauke, dawa tana jiran shan ƙarshe, gari ya fita roƙo. Maitama yana sahun gaba, riga a juye, hawaye shaɓe-shaɓe, har dattawa suka yi ta sa masa albarka. Su dawa ce a ransu. Shi ambaliyar da za ta yanke hanyar Sakajiki yake so.

Ruwa ya sauka da safiyar tseren, daidai misali. Ya shayar da dawa, ya daddale hanya, ya sanyaya gari, ya wanke uzurin zafi tas. Manoma suka zo har bakin layin fara tsere suna yi wa Maitama godiya.

5. Nemi mota

Zuba gudu har ka ɓace wa idon jama'a, sannan ka tare mota. Amma duba ƙofarta tukuna. Wadda ta tsaya wa Maitama irin wadda aka ware wa mata zalla ce. Direban ya ce, "Malam, wagga ta mata ta."

Tagar baya ta sauka. Kulsumu ce da maƙwabtanta, za su Sakajiki su tarbe shi da guɗa. Ta dubi wandon da ya sha laka ya yi nauyin buhu, ta ce, "Malam, yau ranar kashe numfashin nan ta. Muna can muna jira."

Ya isa da ƙafarsa ana loda kujeru. Mainasara ya miƙa masa ruwa ya ce, "Jirgi ya iso, sai dai an tashi tasha." Matan kuwa suka rangaɗa guɗar, tunda sun riga sun zo.

Gargaɗi: marubucin ba shi da hannu a ciwon gwiwa, zubewar suna, ko ruwan da ya zo ba yadda ka so ba. Na ƙarshen ma ba a wurina ake kai ƙara ba.