Rasuwar Ngatinah, Jirgin Kwasar Kainuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye biyu da suka rasa abin yi, ni Wagiyo nake sanar da jama'ar bakin tafki rasuwar jirgina mai inji da na raɗa wa sunan mace, Ngatinah.

Marigayiyar ta ƙare rayuwarta tana kwashe kainuwar da ta shaƙe tafkinmu. Masu kejin kifi su kira mu da safe, mu buɗe musu hanya, kafin sati ta sake toshewa su sake kira. Saboda ita na bar makaranta, na rantse wa mahaifiyata cewa kainuwa ba ta ƙarewa, aikina kuma haka. Ngatinah ba ta da girman kai, sai dai ba ta tashi sai an lallashe ta: "kuf… kuf… tatatata."

Ciwon ajalinta ya faro ne ranar da malaman gona suka zo da bokitai cike da wasu ƙwari da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, wai su za su cinye kainuwar. Ni na ɗauke su a cikin marigayiyar. Ni na nuna musu inda kainuwar ta fi kauri, ina ta dariya, har na tambayi shugabansu, Pak Darmuji, ko ya taho wa ƙwarin da cokali. Murmushi kawai ya yi.

Ƙwarin ba su da hutun Juma'a. Ganye ya huje, ya yi ja, ya nutse. Ruwa ya buɗe, kira ya ɗauke. Ngatinah ta zauna a gaɓa, tsatsa ta ci injin, rana ta tsaga katakon. Maganarta ta ƙarshe ita ce "kuf." Ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar manjagara mai karyayyen haƙori, da jarkar mai, da ni.

Za a ja gawar zuwa bayan ɗakin mahaifiyata ranar Lahadi bayan la'asar, inda za ta cika ta da ƙasa ta shuka barkono. Ana roƙon masuntan da yanzu suke cika kwando su rage fara'a a wajen jana'iza. Za a karɓi gaisuwa a tashar mota ranar Litinin da safe. Wanda ya makara ya same ni a birnin Semarang, gaban tukunyar awarar kawuna Sarwono, wanda na taɓa ce wa aikinsa na tsofaffi ne.