Fulogin da Na Yi wa Alama

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki surukina a motata ba. Ko na so mantawa ma ba hali, domin taubashina Sale ya yi alkawarin tuna mini har ɗayanmu ya bar duniya.

Ni mutum ne mai zargi, ban ɓoye wa kowa ba. Idan mai nama ya yi mini murmushi sai na sake juya tsokar. Mai ɗakina takan ce ko inuwata ce ta biyo ni sai na tambaye ta wanda ya aiko ta. A duk halittar Allah kuwa babu waɗanda na fi sa wa ido irin makanikai. Abin haushin, bakaniken da ke duba mini mota a nan Dutse ɗan gwaggota ne, Sale, wanda tun muna yara yake ɗauke mini hula da takalmi da sunan wasan taubasai. To wanda ya saba ɗauke maka hula, me zai hana shi ɗauke maka kayan inji?

Ana cikin haka mai ɗakina ta ce Baba Malam, mahaifinta, ya ce ni zan kai shi Taura ranar Asabar. Za a ɗaura auren 'yar ƙaninsa marigayi, shi ne waliyyi. Malam babban malami ne a Yalwawa, mutum mai ƙarancin magana, kuma tun da na auri 'yarsa bai taɓa neman wani abu a wurina ba sai ranar. Na ji kaina ya yi girma, amma gabana ya faɗi, domin a makon motar ta fara wani irin tari, tana kakkarwa in na tsaya. Sale ya saurare ta ya ce fulogi ne, in bari ya sayo mini sababbi.

Na ce a raina, ka ji shi! Na ce masa ya faɗa mini lambarsu kawai, ni ma ina da ƙafa.

Mai shagon kayan gyara ya jera mini iri uku a kan kanta. Ya ce wannan orijina ne, wannan mai bi masa, wannan kuma sai dai maneji. Nan take na yanke cewa wanda yake yabo shi yake so ya rabu da shi. Na juya su, na ɗaga su a rana, na gwada tsawon zarensu, har na shinshina ɗaya (kada ku tambaye ni ƙamshin me nake nema). Sai da ya gaji ya daina yabon orijinan, sannan na yarda cewa shi ne mai kyaun, na ce ya ba ni saiti ɗaya. Da ya juya zai ɗauko leda, na yi wuf na zaro makullin mota na karce kowanne a jikin ƙarfensa, don kada ya musanya mini a ƙarƙashin kanta. Na fito ina jin babu wayayye kamata a jihar.

Na kai wa Sale mota da fulogan, niyyata in tsaya a kansa har ya gama, sai aka kira ni ofis. Da na dawo gareji ya miƙo mini makulli da kwalin fulogin yana dariya, ya ce, "Bawana, ga kayanka nan, ka adana." Wannan dariyar ce ta tsaya mini a wuya har gida.

Da la'asar na buɗe kwalin. Me zan gani? Fulogai fes, suna ƙyalli. Na ari sufana a wurin maƙwabcina, na kwance ɗaya daga cikin inji, na ga bakinsa da ɗan baƙi. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Wato Sale bai canza komai ba, ya bar mini tsofaffi a inji, yana jira in manta kwalin a mota ya kwashe. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma a ƙasan ɓacin ran akwai wani daɗi, irin na wanda ya daɗe yana faɗa ana ƙaryata shi. Na cire na injin kaf, na ɗaura masu ƙyallin, na danne su da iyakar ƙarfina har na ji ɗaya ya yi ƙas. Na ce alamar ya zauna ke nan. Waɗanda na cire na zuba su a kwali na ajiye, shaida.

Da safe na sha shadda mai sitaci, na buɗe wa Malam ƙofa. Ba mu kai Kiyawa ba motar ta fara tarinta, ta shiga tsalle kamar akuyar da aka ɗaure, daga nan ta yi shiru a bakin wata gonar gero. Na murza, na sake murzawa, ko uffan. Malam ya dubi rana, ya dubi hanya. Wayarsa kuwa sai ƙara take, mutanen Taura na tambaya ko mun kusa.

Maimakon in yi shiru, sai na buɗe baki. Na ce, "Allah gafarta Malam, Sale ne ya cuce ni. Tsofaffin da ya bar mini ne suka riga suka lalata injin."

Malam ya ce, "Zato zunubi ne. A kira shi."

Sale ya iso a kan babur ɗinsa, ya durƙusa ya gaida Malam, ya buɗe bonet. Ya kwance fulogi ɗaya, ya jujjuya, ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai shi na cire jiya. Na wanke su da fetur na goge da burushi, na ce ka adana saboda wata rana. Ga shi ma an fasa farin tangaran ɗin jikinsa. Wa ya mayar da su?"

Na ce yau ake yin ta. Na ɗauko kwalin, na zaro ɗaya na ɗaga sama yadda Malam zai gani. Na ce, "Ka ji tsoron Allah, Sale! Ga tsofaffin da ka bar mini a inji, da hannuna na cire su, kuma..."

A nan babban yatsana ya taɓa wani abu a jikin ƙarfen. Karce. Karcen makullina. Na zaro na biyu, ga shi. Na uku ma haka. Jiya fushi ya hana ni tuna alamar da na yi da kaina. Na tsaya hannu a sama, baki a buɗe, ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Malam ya ce, "Kuma me? Muna jin ka."

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Waɗannan su ne sababbin."

Sale ya yi ƙoƙari, na ba shi wannan. Saboda girman Malam ya cusa kansa cikin bonet, amma kafaɗunsa rawa kawai suke. Nan da nan ya mayar da sababbin, ya murza makulli, mota ta tashi lafiya lau. Na nufi mazaunin direba, sai Malam ya yi gyaran murya.

"Sale, kai za ka ja mu."

Sale ya ce, "To Baba, babur ɗina fa?"

Malam bai dube ni ba, bai kuma ambaci sunana ba. Cewa kawai ya yi, "Akwai mai kawo shi."

Haka na bi bayan motata a kan babur ɗin taubashina har Taura, babbar riga na kaɗawa, hula a aljihu. Mun tarar jama'a sun gaji da jira, har an fara shawarar wakilta wani, amma dai Malam ne ya ba da auren. Da aka raba goro, a gabana ya ɗebi nasa ya zuba wa Sale a hannu.

Har yau in Malam zai yi tafiya motata yake aikowa a ɗauka, tare da saƙon cewa a gaya wa Sale ya shirya. Shi kuwa Sale ya ɗaure tsofaffin fulogan da waya ya rataye a ƙofar gareji, duk wanda ya tambaya sai ya ce na wani bawansa ne mai wayo.

Zargi dai ban daina ba, hali zanen dutse. Sai dai yanzu in na ji ƙamshin cuta, kafin in nemi ɓarawo nakan fara tambayar kaina ko na ari sufana jiya.